Gwajin jini na HLA: zai iya kore cutar nakolefsi, ko kuwa ana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayar wannan makon ta maimaitu a saƙonnin da ake turowa, shi ya sa na fito da ita fili. Masu tambaya sun ji cewa akwai gwajin jini da ake yi wa mai fama da yawan barcin rana, wai shi zai nuna ko yana da nakolefsi ko babu. Suna son sanin sunan gwajin, yadda ake yinsa, da ko ya isa mutum ya dogara da shi ya huta da kwana a ɗakin gwajin barci. Likitocinmu da ma'aikatan lab, bismillah.

Dakta Jijiya:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Mu fara gyara suna, don da an ce "ciwon barci" hankalin Bahaushe kan tafi ga wanda ƙudan tsando ke sawa. Wancan ƙwayar cuta ce ke shiga jini daga cizo, kuma gwajinsa daban. Nakolefsi ba a ɗaukar ta daga kowa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin jijiya, kimanin 70,000, masu samar da sinadarin da ke riƙe mutum a farke. Sunansa oreksin, wasu su ce haifokiretin, ƙungiyoyin bincike biyu ne suka gano shi a 1998 kowa ya sa masa suna. A shekarar 2000 aka nuna cewa masu nakolefsi mai tafe da sakin jiki sun rasa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan ƙwayoyi.

Cutar iri biyu ce, kuma duk muhawarar nan a kan wannan rabon ta rataya. Nau'i na 1 shi ne wanda oreksin ya ƙare, yawanci tare da katafleksi: mutum ya fashe da dariya sai gwiwa ta saki, haɓa ta faɗi, wuya ya langaɓe, yana jin duk abin da ake faɗa amma jiki ya ƙi, kafin minti 2 ya dawo daidai. Nau'i na 2 barcin ne ba katafleksi, oreksin kuma yana nan.

Gwajin da ake nufi shi ne neman HLA-DQB1*06:02. Wani samfuri ne na ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 6, cikin rukunin da ke koya wa garkuwar jiki bambance naka da baƙo. Masu nau'i na 1 kusan dukkansu suna ɗauke da shi, daga kashi 90 zuwa 98 gwargwadon yadda aka tace marasa lafiyar. To amma lafiyayyu ma da yawa suna da shi. Don haka in sakamako ya ce babu, ya yi magana mai nauyi. In ya ce akwai, kusan bai ce komai ba.

Ɗalibin Likita:
Dakta, a nan ne kaina ke ɗaurewa. Abin da ke jikin kashi 95 na marasa lafiya, ta yaya samunsa zai zama ba hujja ba?

Dakta Jijiya:
Ƙanena, ka duba ɗaya ɓangaren. A cikin Turawa kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da shi. A Japan kusan kashi 12 ne. A cikin baƙaƙen Amurka ya kai kusan kashi 38. Ita kuwa cutar, ko an yi mata yawa, mutum 1 ne cikin 2,000. Ɗauki gari mai mutum 100,000 inda kashi 25 ke da samfurin: mutum 25,000 ke nan, marasa lafiya kuma ba su wuce 50 ba. Ashe a cikin masu "akwai" 500, ɗaya ne mai cutar, 499 lafiyarsu lau, haka za su tsufa.

Yanzu shigo asibiti inda zargin ya fi ƙarfi. A matsayin misali na lissafi kawai, ka ce mutum 1,000 ne da likita ya raba zato biyu a kansu, 500 suna da nau'i na 1, 500 ba su da shi. A cikin masu cutar, 475 za su fito "akwai", 25 "babu". A cikin marasa ita, 125 "akwai", 375 "babu". Wanda ya fito "babu" zarginsa ya sauko daga kashi 50 zuwa kusan kashi 6, wato 25 cikin 400. Wanda ya fito "akwai" ya hau zuwa kashi 79, kuma ba a ɗora wa mutum maganin shekara da shekaru a kan kashi 79. Shi ya sa ƙa'idar gano cututtukan barci ta duniya, bugu na 3 na 2014 da gyaransa na 2023, ba ta sa HLA cikin sharuɗɗan tabbatar da cutar ba.

Hajiya Lab:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ta gefen kwalba zan shigo, don kyakkyawan lissafin Dakta ba zai yi amfani ba in jinin ya lalace a hanya ko an rubuta takardar ba daidai ba.

Na farko, kada a je a ce "gwajin genotype". A wurinmu duk wanda ya ji haka AA da AS da SS zai yi maka, na sikila ke nan, ba ruwansa da wannan. A rubuta cikakken suna, HLA-DQB1*06:02, lambobi huɗun nan duka. Dalili: akwai gwajin HLA na sama-sama da ke tsayawa a "DQ6" ko "DQB1*06". Wannan sunan dangi ne kawai. A cikin dangin akwai 06:02 mai jawo haɗari, akwai kuma 06:01 da 06:03 waɗanda bincike ya nuna kariya ma suke bayarwa. Sakamakon da ya ce DQ6 ya yi shiru, bai raba gardama ba, kuɗi ne aka kashe a banza.

Na biyu, kwalba. Mililita 3 zuwa 5 na jini a kwalba mai murfi launin shunayya, mai EDTA. Wasu wuraren suna karɓar mai murfi rawaya ta ACD. Kada a sa a mai koren murfi, hefarin ɗin da ke ciki yana hana PCR, hanyar ninka DNA don a karanta shi, tafiya. Kada kuma a sa a mai jan murfi, jinin zai daskare ya tafi da fararen ƙwayoyin, alhali su ake nema, domin jajayen ba su da DNA. Da an ɗiba a juya kwalbar a hankali sau 8 zuwa 10, ba girgizawa ba. Ba a bukatar azumi, ba a bukatar daina wani magani, safe da yamma duk ɗaya, domin gado ba ya canzawa. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa.

Na uku, tafiya. In za a tura wani gari, a ajiye a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, a sa a kula da ƙanƙara amma a naɗe kwalbar kada ta manne da ƙanƙarar. Kwalbar da ta wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, DNA ɗinta na iya lalacewa, sai a dawo a ce a sake ɗiba. A tambayi lab ɗin da zai karɓa kwana nawa suke yarda jini ya yi, a kuma guji ɗiba ranar da hutun ƙarshen mako zai tare shi a hanya.

Nas Mai Kula da Sikila:
Hajiya, a ƙara da wannan don ya shafi mutanenmu. Wanda aka yi wa dashen ɓargo daga wani, jininsa HLA ɗin mai bayarwa zai nuna, ba nasa ba. Shi sai dai a nemi samfurin da ba jini ba, a kuma sanar da lab tun farko. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan shi ma a rubuta a takarda da ranar, musamman in jinin ba a tace fararen ƙwayoyinsa ba.

Hajiya Lab:
Haka ne, Sista, Allah ya saka. Wanda fararen ƙwayoyinsa suka yi ƙasa sosai shi ma a faɗa, don DNA ɗin kan yi kaɗan. Yara masu tsoron allura kuma akwai lab ɗin da ke karɓar gogen cikin kumatu da auduga, amma kada yaron ya ci ko ya sha komai rabin awa kafin nan, a kuma bar audugar ta bushe kafin a rufe, in ba haka ba ta yi fumfuna.

Wani tarko da ya kamata mu sani mu baƙar fata: tsohon gwaji. Masu bincike a Japan, Juji da Honda, su suka fara gano alaƙar nan a farkon shekarun 1980, kuma abin da suka gani wata alamar HLA ce mai suna DR2, wanda yanzu ake kira DR15. A Japanawa da Turawa DR15 da DQB1*06:02 tare ake gadonsu kusan kullum, don haka in ka ga ɗaya ka ga ɗayan. A farkon shekarun 1990 aka lura cewa a baƙaƙen Amurka ba haka ba ne: wani kaso mai yawa na masu cutar ba su da DR2, amma suna da DQB1*06:02. Ashe shi ne ainihin alamar. Duk lab ɗin da ya ce zai yi DR2 ko DR15 kaɗai don nakolefsi, a ce masa a'a. Zai iya cewa "babu" ga mutumin da ke da cutar.

Likitan Iyali:
Na gode wa kowa, amma ina da ja. Ni a ganina a yanayinmu wannan gwaji ya cancanci a fara da shi. Ɗakin gwajin barci ba kowane gari ke da shi ba, sai an yi tafiya, a kwana, a wuni, ga kuɗin mota ga na masauki ga na mai rakiya. Jini kuwa ko a ƙaramin asibiti za a ɗiba a tura. In ya fito "babu", an hutar da iyali. Me ya sa za a ajiye shi a ƙarshe?

Mai Gwajin Barci:
Yallaɓai, hujjarka tana da ƙarfi ta gefen aljihu, amma "babu" ba ta hutar da kowa. Ƙofa ɗaya take rufewa, ta nau'i na 1. Masu nau'i na 2, kusan rabinsu ko fiye ba su da samfurin. Mai yawan barcin da ba a san sababinsa ba, wanda ake kira haifasomniya, shi ma gwajin bai san da zamansa ba. Ga kuma babban mai laifi, sarƙewar numfashi cikin barci: mai ƙiba ko kaurin wuya, yana munshari kamar ana jan tabarya, ya yi shiru na daƙiƙu sannan ya zabura da haki. Wannan ya ninka nakolefsi yawa nesa ba kusa ba, yana tafe da hawan jini, kuma gwajin dare ne kaɗai zai kama shi. In aka ce wa direban da ke gyangyaɗi a kan sitiyari "jininka ya fito lafiya", ya koma hanya da kwanciyar hankali, an cuce shi an cuci fasinja.

Kuma ka duba adadin da Dakta ya kawo. Inda masu ɗauke da samfurin suka kai kashi 38, a cikin mutum 10 marasa cutar kusan 4 za su fito "akwai". Su ba a hutar da su ba, an ƙara musu fargaba da kuɗin gwaji. Wannan adadin na baƙaƙen Amurka ne, ba a ɗora shi kai tsaye a kan Kano ko Damagaram, amma ya isa ya nuna cewa yawan masu samfurin a cikin al'umma yana rage amfanin gwajin wajen tacewa.

Likitan Iyali:
Na karɓi ta sarƙewar numfashi. To amma ku ba mu tsari. Mutum ya zo yana cewa barci ya dame shi, da me za a fara, a ina jinin zai shigo?

Dakta Jijiya:
Da baki ake farawa, Yallaɓai, kuma shi ne mafi arha. Barcin ya kai wata 3 kullum? Ƙarfe nawa yake kwanciya, ƙarfe nawa yake tashi? Mai kwanciya ƙarfe 1 na dare da waya a hannu ya tashi asuba ya wuce kasuwa, bashin barci ke binsa. A ba shi takarda ya riƙa rubuta lokutan barcinsa na mako 2. A cika ma'aunin yawan gyangyaɗi na Epworth: yanayi 8, kowane maki 0 zuwa 3, jimla 24, abin da ya haura 10 ya fita daga daidai. A duba ƙarancin jini, suga, aikin tayirod, da ciwon damuwa.

Sai tambayar katafleksi, kuma a yi ta da kyau. Kada a ce "kana faɗuwa?" A ce: in ana hira aka ba da abin dariya, ko kai ne za ka ba da shi, kana jin gwiwarka ta saki? Kanka na faɗowa gaba? Magana na sarƙewa? Ɓangare biyu na jiki ne tare? Kana jin mutane a lokacin? Mai farfaɗiya hankalinsa kan gushe, ya tashi a ruɗe, wani lokaci ya ciji harshe. Mai katafleksi zai maimaita maka abin da aka faɗa a kansa. In likita ya ci sa'ar ganin abin a gabansa, ya buga jijiyar gwiwa, ba za ta harba ba har sai abin ya wuce. Bidiyon waya da 'yan gida suka ɗauka yana da amfani ƙwarai.

Dannau da gane-gane lokacin shiga barci suna cikin alamomin, amma lafiyayyu da yawa suna samun dannau, musamman in barci ya yi ƙaranci, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Na san a gidaje da yawa in aka haɗa dannau da ganin siffofi da faɗuwa, sai a tafi kan shafar iska. Babu mai hana addu'a, amma a haɗa da asibiti, domin ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, masu wannan cuta kan yi shekara 8 zuwa 15 kafin a gane ta, kuma yawanci a shekarun sakandare take farawa, lokacin da ake yi wa yaro kallon malalaci ana dukansa a aji.

Jinin yana da wuri uku a wurina. Ɗaya, in labarin katafleksin bai fito sarai ba, kamar mai cewa jikinsa na mutuwa in ya ji haushi ya kuma daɗe a haka. "Babu" a nan tana tura mu neman wani dalili. Biyu, in gwajin barci ya fito da ruɗani ko ba zai yiwu a yi shi da tsabta ba. Uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, kafin a ɗebi ruwan laka, wato ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da jijiyar ƙashin baya.

Ɗalibin Likita:
Me ya haɗa shi da ruwan laka, Dakta?

Dakta Jijiya:
Oreksin a ruwan laka ake auna shi, ba a jini ba. Ana soka allura a ƙasan baya tsakanin ƙashi na 3 da na 4 ko na 4 da na 5 na kunkumi. In ya kai fikogiram 110 a mililita ko ƙasa da haka, nau'i na 1 ya tabbata ko da ba katafleksi. Sama da 200 daidai ne. To wanda ba shi da DQB1*06:02, kusan ko yaushe oreksin ɗinsa daidai yake fitowa. Ka ga babu dalilin sa shi ya sha allurar baya, da ciwon kan da kan biyo ta na kwanaki, da wahalar tura ruwan a daskare zuwa inda ake aunawa. A nan gwajin jinin ya biya kuɗinsa.

Akwai abin da ya ƙara wa wannan nauyi gare mu. Wani bincike daga jami'ar Stanford ta Amurka a 2015 ya nuna cewa a baƙaƙen Amurka an fi samun waɗanda oreksin ɗinsu ya ƙare alhali ba su da katafleksi, kuma cutar ta fi fara musu da wuri. Don haka rashin katafleksi ga baƙar fata kada ya sa a yi saurin cewa nau'i na 2 ne. Matashi mai barci mai tsanani, gwajin rana ya nuna alama, jini ya ce "akwai", shi ne wanda ya fi cancanta a auna masa ruwan laka.

Mai Gwajin Barci:
Bari in shimfiɗa yadda gwajin barcin yake, don a ga abin da jini ba zai maye ba. Dare ake farawa: wayoyi a kai, gefen ido, haɓa, ƙafa, bel a ƙirji da ciki, abin auna iska a hanci da yatsa. Ana so mutum ya samu barcin awa 6 aƙalla. Washegari sai gwajin barcin rana, wanda ake kira MSLT. Awa ɗaya da rabi zuwa 3 bayan tashi a kwantar da shi a ɗaki mai duhu da shiru, a ce ya yi ƙoƙarin barci. Sau 5, tsakanin kowane awa 2. In minti 20 ya wuce bai yi ba, a tsayar da zagayen a rubuta 20. In ya yi, a bar shi minti 15 a ga ko zai faɗa barcin mafarki, wato REM. Lafiyayye sai ya yi kamar awa ɗaya da rabi kafin ya kai can. Sharaɗin nakolefsi: matsakaicin lokacin shiga barci minti 8 ko ƙasa, da faɗawa REM cikin minti 15 sau 2 ko fiye. In ya faɗa REM cikin minti 15 a daren, ana lissafa shi a matsayin ɗaya.

Abin da ke ɓata shi: mai aikin dare, mai bashin barci, mai sarƙewar numfashi da ba a yi wa magani ba, duk suna iya fitowa kamar masu cutar. Haka wanda ya yi gyangyaɗi a kujera tsakanin zagaye biyu ba a lura ba, ko ya ɓoye goro a aljihu. Kuma kada a sa ranar gwaji cikin azumi ko satin farko bayan salla. Sahur da tahajjud da barcin hantsi sun juya agogon jiki, sakamakon ba zai zama na gaskiya ba. A bari barci ya daidaita na mako 2.

A nau'i na 1 in an maimaita MSLT yawanci abu ɗaya yake bayarwa. A nau'i na 2 kuwa yana yawan canzawa, yau ya cika sharaɗi, in an sake ya kasa. Wannan raunin ne ke sa likitoci neman tallafin HLA, kuma a daidai wurin ne HLA ɗin ma ya fi rauni.

Malam Famasi:
Ta gefen magani akwai gyara biyu. Kafin a kashe kuɗi a kowane gwaji, a zazzage jakar magungunan mutum a kan tebur. Maganin mura mai kulofeniramin, su Piriton, yana sa barci. Magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe, da yawansu sifiroheftadin ne a ciki, mai saukar da barci kamar ruwa. Ga diyazefam, kodin, taramol, amitiriftilin, da wasu na farfaɗiya. Tambaya cikin mutunci, ba a gaban iyaye ko miji ba, ita ke fito da gaskiya, kuma shi ya sa ɗakunan gwaji ke duba fitsari a ranar MSLT.

Na biyu, magungunan damuwa suna danne REM, har su ɓoye katafleksi. Ana so a janye su mako 2 kafin gwaji, fuluoksetin kuwa ya fi haka, har zuwa kusan mako 6, don yana daɗewa a jiki. Likitan da ya rubuta ne zai tsara janyewar a hankali. Wanda ya yanke kwana 2 ko 3 kafin gwaji, REM zai dawo masa da ƙarfi, takarda ta nuna cutar da babu. Akwai kuma wanda janye masa maganin haɗari ne ga ransa. Shi kam ina tare da Likitan Iyali: a yi jinin, tunda magani ba ya taɓa shi, in "akwai" a wuce ruwan laka, wanda shi ma waɗannan magunguna ba sa ɓata shi.

Likitar Yara:
Ina so in tsaya a kan "babu" da ke zuwa tare da katafleksi na gaske, don kada a rufe fayil. Ba kasafai ba ne, amma in ya faru alama ce ta a nemi wani abu a ƙwaƙwalwa: ƙari a kusa da inda oreksin yake, buguwar kai, kumburin jijiya, ko cutar gado irin su Niemann-Pick nau'in C da Prader-Willi. A yi hoton MRI. Ga yaron da bai kai shekara 5 ba wannan wajibi ne.

A yara kamannin ma daban ne. Ba lallai sai da dariya ba: fuska ta saki, fatar ido ta sauko, baki a buɗe harshe a waje, tafiya kamar mai maye. Ƙiba ta zo farat ɗaya cikin watanni, wani lokaci balaga ta zo da wuri. Maimakon barci a fili, sai rigima da rashin natsuwa.

Sai maganar da iyaye ke yawan yi: a gwada sauran yaran gida? A'a. In ɗaya daga iyaye na ɗauke da samfurin, kowane ɗa yana da rabin damar gadonsa, don haka za a samu "akwai" da yawa a gidan ba tare da ma'ana ba. Haɗarin ɗan'uwa na jini kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100. Ko tagwayen ƙwai ɗaya, masu gado iri ɗaya sak, in ɗaya na da cutar, sau 1 cikin 3 ko 4 ne kawai ɗayan ke samu. Kuma ina roƙo kada wannan ya shiga jerin gwajin kafin aure. Ba sikila ba ce, ba a lissafa ta da AS da AS, za a ɓata wa 'ya'yan mutane suna ne kawai.

Ɗalibin Likita:
Anti, in gadon bai isa ba, me ke tayar da ita?

Likitar Yara:
Abin da hujjoji suka fi nunawa shi ne garkuwar jiki ce ke kuskure ta afka wa ƙwayoyin oreksin bayan wani abu ya zaburar da ita. An danganta da ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitiref, da murar H1N1. Bayan annobar 2009 an ga ƙaruwar cutar a yaran Sin da suka sha murar kanta. A Finlan da Suwidin kuma an gani a 2010 bayan wata allurar mura guda ɗaya mai suna Pandemrix, kuma kusan duk yaran da abin ya shafa masu DQB1*06:02 ne. Waccan allura an daina amfani da ita, kuma ba ta da alaƙa da rigakafin yara da ake yi a asibitocinmu. Wanda ya gaji samfurin daga uwa da uba duka, haɗarinsa ya ninka na mai guda ɗaya sau 2 zuwa 4, shi ya sa wasu lab ke rubuta ko kwafi ɗaya ne ko biyu. Duk da haka mafi yawan masu kwafi biyun ma ba sa kamuwa.

Likitan Iyali:
To na sassauta, amma ban janye duka ba. Inda babu hanyar zuwa ɗakin gwaji ko kusa, matashi siriri ba ya munshari, barcinsa na dare ya cika, jakar maganinsa babu komai, labarin sakin jikinsa kuma rabi da rabi, zan ɗebi jinin kafin in ɗora wa iyayensa tafiya.

Dakta Jijiya:
A wannan siffar da ka zana ba ni da ja, Yallaɓai, domin ka riga ka yi tacewar da baki. Sharaɗi ɗaya: kafin allura ta shiga, a gaya musu abin da kowane sakamako ke nufi. "Babu" na nufin da wuya ƙwarai ya zama nau'i na 1, amma binciken barcin bai ƙare ba. "Akwai" na nufin tafiyar tana nan. Kuma kada a fara modafinil, maganin da ke riƙe mutum a farke, a kan "akwai" kaɗai. Ko wane sakamako ya fito, mai barcin da ke kwashe shi ba shiri ya dakata da tuƙi, hawa sama, da aiki kusa da wuta ko inji har a gano dalili. Ƙailula ta minti 15 zuwa 20 sau ɗaya ko biyu a rana tana taimaka wa mai nakolefsi sosai, kuma ba ta bukatar jiran takarda.

Malam Famasi:
Tunda an ambaci modafinil: in an tabbatar da cutar aka fara shi, yawanci daga miligiram 100 da safe ne, iyaka 400 a rana. Yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar hannu, har bayan an daina shi na ɗan lokaci, kuma ba a son sa ga mai ciki. A gaya wa mace wannan tun ranar farko. Ba ya kuma hana katafleksi, wannan maganinsa daban, irin su benlafaksin, wanda shi ma in aka yanke shi farat ɗaya faɗuwar kan dawo a jere.

Hajiya Lab:
Ranka ya daɗe Shugaba, ga abin da mai karɓar sakamako zai duba kafin ya bar wurin karɓa. Sunansa da ranar haihuwa su dace da na kwalba. A ga an rubuta DQB1*06:02 cikakke, tsofaffin takardu kan rubuta 0602 ba ɗigo biyu, abu ɗaya ne. A ga hanyar da aka bi, PCR ce ko karanta jerin DNA. In an ga DQA1*01:02 a gefe kada a tsorata, abokin tafiyarsa ne, tare suke haɗa furotin ɗin. In kuma takarda ta ce ba a iya bambance 06:02 da wani makusancinsa ba, a nemi lab ɗin su sake da hanya mai zurfi a kan DNA ɗin da ke hannunsu, yawanci ba sai an sake ɗibar jini ba. A ɗauki hoton takardar a ajiye, don duk likitan da za a gani nan gaba ita zai nema.